Babur ɗina na durƙushewa idan na yi lodi: wace shokazoba zan sa?

Tambaya: Wani mai karatu daga Azare ya rubuto yana cewa shi mutum ne mai jiki, nauyinsa ya kai kilo 115, kuma yana hawan babur mai cc 150 da shokazoba biyu a baya. A cikin gari ba ya jin wata damuwa sosai. Amma da zarar ya ɗauki hanya, ya ɗaure jaka da jarkar mai a kariya, wani lokaci ya goyo ƙanensa, sai bayan babur ɗin ya zauna. Kowane rami sai ya ji dukansa har ƙugu, taya kuma tana gogar murfinta. Bakanikensa ya ɗaure shokazobar har matakin ƙarshe, abin ya ɗan yi sauƙi amma bai tafi ba. Bayan damina yana son hawa tsaunin Mambila ya je Gembu. Yana tambaya: ya sayi irin mai ɗan tulu a gefe da ake kira mai gas, ko ya ƙara biyu su zama huɗu kamar yadda masu dakon buhuna ke yi?

Amsa: Malam, madalla da wannan tambaya, kuma na ji daɗin yadda ka faɗi nauyinka ba tare da ɓoye-ɓoye ba, domin da shi za mu yi lissafi. Kafin ka fitar da ko sisi, ina so ka nemo tef ɗin awo da abokai biyu. Amma bari mu fara sanin abin da ke faruwa a ƙarƙashin kujerar.

Shokazoba abu biyu ne aka haɗa a jiki ɗaya. Na farko shi ne sifirin, wannan murɗaɗɗen ƙarfen da kake gani a waje, kuma shi kaɗai ke ɗauke da nauyi. Na biyu shi ne bututun da ke tsakiyarsa, mai cike da mai, da sanda da ke shiga tana fita. A kan sandar akwai fistin mai ƙananan ƙofofi, man kuma dole ya matsa ta cikinsu duk lokacin da tayar ta motsa. Wannan matsin ne ke rage wa sifirin garaje, ya hana shi wurgo ka sama bayan ya lotsa. To ka ga idan babur yana zaunawa da lodi, maganar sifirin ce. Idan kuma yana ta lilo bayan ka wuce rami, maganar bututun mai ce. Mutane da yawa suna zuwa kasuwa neman maganin ɗaya su dawo da maganin ɗayan.

Sifirin yana da ƙa'ida mai sauƙi wadda masanin nan na Ingila, Robert Hooke, ya wallafa tun 1678: gwargwadon nauyin da aka ɗora masa, gwargwadon lotsawarsa. Idan kilo 2 ke matse shi milimita ɗaya, kilo 60 zai matse shi milimita 30, kilo 120 kuma milimita 60. Masu ƙera babura suna zaɓen sifirin ne da tunanin mahayi matsakaici, mai kilo 70 zuwa 80, da ɗan abin da zai ƙaru a kai. Kai kuwa tun kafin ka ɗaure jaka ka riga ka cinye wani kaso mai yawa na tazarar da tayar baya ke da ita ta yin sama da ƙasa. A ƙananan baburanmu tazarar nan ba ta wuce kimanin milimita 100 ba, wato santimita goma kacal. Idan zamanka kaɗai ya cinye shida, huɗu suka rage wa ramukan hanya. Dukan da kake ji a ƙugu shi ne lokacin da huɗun nan suka ƙare, shokazobar ta kai ƙarshenta ta bugi robar da ke tare ta.

Bakanikenka bai yi kuskure ba da ya fara da zoben nan mai hawa-hawa, yawanci biyar, da ke gindin sifirin. Wurin farawa ke nan. Sai dai akwai fahimtar da ta yaɗu cewa juya zoben yana ƙara wa sifirin tauri, kuma ba haka abin yake ba. Juyawar tana matse sifirin tun kafin ka hau, sai bayan babur ya ɗaga, ka sami ƙarin tazara a ƙarƙashinka. Taurin ƙarfen kuwa yana nan yadda aka ƙera shi. Kamar ka sa bulo a ƙarƙashin ƙafafun gado ne: gadon ya yi sama, amma katifar ba ta daina lotsawa ba. Shi ya sa ka ji sauƙi kaɗan, kuma shi ya sa sauƙin bai kai ba.

Yanzu ga aikin tef. Ka kafe babur a babban jak ɗinsa yadda tayar baya za ta bar ƙasa. Ka manna ɗan salatif a jikin babur daidai saman ƙusar da ta ratsa tsakiyar taya, ka auna daga tsakiyar ƙusar zuwa salatif ɗin, ka rubuta. Sai ka sauke shi daga jak, aboki ya riƙe shi a miƙe ba kowa a kai, ka danna kujera sau biyu ka sake, ka kuma aunawa. Awo na uku shi ne mai muhimmanci: ka hau da duk kayan da za ka yi tafiya da su, jaka a ɗaure, jarka a cike, ƙafafunka biyu a kan matakai, aboki ɗaya ya riƙe kan babur, ɗayan ya auna. Kada ka taɓa ƙasa da ƙafa, ko da ɗan yatsa ne, domin zai ɓata lissafin.

A ce awon farko ya ba ka milimita 420, na biyu 412, na uku 370. Bambancin na farko da na uku, wato 50, shi ne zaman da babur ya yi da kai da kayanka. Abin da ake so shi ne zaman nan ya tsaya a kusan kashi ɗaya cikin uku na duk tazarar, wato milimita 30 zuwa 35 a babur irin naka. Kashi biyun da suka rage na karɓar duka ne, kashi ɗayan da ya zauna kuma shi ke ba tayar damar miƙewa ta bi cikin rami maimakon ta rataya a iska. Idan ka sami 50 kuma akwai sauran hawa, sai ka ƙara hawa ɗaya a zoben, dama da hagu daidai wa daida, ka sake awo.

Bambancin awon farko da na biyu shi ne zai faɗa maka gaskiyar sifirin ɗinka. Babur da ba kowa a kai ya kamata ya zauna kaɗan da nauyin kansa, milimita 5 zuwa 10. Idan ka ɗaure zoben har ka sami zaman da ake so, amma ka tarar babur ɗin ba ya zama ko kaɗan idan ka sauka, ya miƙe ƙyam yana buga sama duk lokacin da ka ɗaga kariya, to sifirin ya yi maka laushi, ka cika shi da matsi ne kawai don ya ɗauke ka. Haka nan idan ka kai hawan ƙarshe kuma zaman bai sauko ƙasa da 45 ba. Daga bayaninka ina kyautata zaton nan za ka sami kanka, amma ka auna ɗin dai. Na fi son ka shiga shago da lamba a hannu, don mai kaya ya san da wanda yake ciniki.

Bututun mai ma yana da gwajinsa. Ka danna bayan babur da ƙarfi ka sake shi. Lafiyayye zai taso a hankali sau ɗaya ya tsaya. Idan ya yi tsalle ya koma ya kuma tasowa, man ya tsiyaye ko ya mutu. Ka leƙa sandar ta tsakanin zagayen sifirin: idan ka ga danshin mai da ƙura ta manne a kai, ko tsatsa da ƙwarzane, to ta gama aiki. Ƙurar hunturu da laka a damina su ne ke cin robar da ke riƙe man.

To, a ce ya tabbata sai an canja. Me za ka duba?

Masu manyan babura sun fi samun sauƙi a nan. Kamfanoni irin su Öhlins na Suwidin, Wilbers na Jamus, Hagon na Ingila, Hyperpro na Holan da YSS na Tailan suna rubuta ƙarfin sifirin da lamba, wasunsu ma sai sun tambayi nauyinka da na kayanka da na wanda kake goyowa kafin su haɗa maka. Baburan dogon zango irin su Yamaha Ténéré 700, wanda aka raɗa wa sunan hamadar nan ta Nijar, suna da tazarar milimita 200 a baya, shokazoba ɗaya a tsakiya, da wata ƙwarya a gefe da ake murɗawa da hannu a ƙara matsi idan an yi lodi. Duk da haka masu jiki a cikinsu sukan canja sifirin, domin lissafin da na ba ka bai bar kowa ba.

Mu da ke sayen kayanmu a shagunan 'yan babura, waɗanda yawancin kayansu ke zuwa ta Legas da Nnewi, ba kasafai muke ganin lamba a jikin sifirin ba. Amma ido da ma'auni suna iya yin aikin. Kaurin wayar da aka murɗa shi ne babban abu, kuma tasirinsa ya fi yadda ake zato. Idan faɗin zagaye da yawansa ɗaya ne, wayar milimita 7.5 ta fi ta milimita 7 tauri da kusan kashi 30 cikin ɗari, ta milimita 8 kuwa da kusan kashi 70. Rabin milimita ba ya ganuwa da kyau a ido, saboda haka ka ari ma'aunin kauri wurin mai juya ƙarfe, ka auna tsohuwar taka, ka auna sabuwar. Ga mutum irinka ƙarin kashi 20 zuwa 30 wuri ne mai kyau na farawa. Kada ka ce bari ka ɗauki mafi kauri a shagon gaba ɗaya. Sifirin da ya yi tauri fiye da kima yana sa taya ta riƙa barin ƙasa a kan gargada, tayar da ke iska kuwa ba ta da birki ba ta da riƙo. Ka kuma ƙirga zagayen: mai ƙarancin zagaye ya fi tauri. Akwai irin wanda zagayensa suka matsu a gefe ɗaya suka buɗe a ɗayan. Wannan yana farawa da laushi, idan matsattsun zagayen suka haɗe sai ya yi tauri, kuma ya dace da wanda yau yake shi kaɗai gobe yake da lodi. Dabarar da Bajaj ke sa wa Boxer, ƙaramin sifirin a cikin babba, ita ma kusan manufarta ke nan.

Tsawo kuma kada ka yi wasa da shi. Ka cire tsohuwar ka tafi da ita, ka auna daga tsakiyar idon sama zuwa tsakiyar na ƙasa. Sabuwar ta zama daidai, ko ta fi da abin da bai wuce milimita 5 zuwa 10 ba. Wasu suna sa doguwa don babur ya ɗaga, sai sarƙa ta canja zama, sandar birkin baya ta canja ja, kan babur ya yi saurin juyawa fiye da yadda aka saba. Ka duba faɗin idon da kaurin ƙusar da ke shiga, da kuma ko ƙasan ido ne ko baki biyu. Kuma biyun ake canjawa tare, ko da ɗaya ce ta lalace.

Ina ba ka shawara ka sayi shokazobar gaba ɗaya maimakon ka sa sabon sifirin a tsohon bututu. Sifirin mai ƙarfi yana dawowa da ƙarfi, yana bukatar bututun da zai iya riƙe shi, in ba haka ba babur ya riƙa tutsu da kai bayan kowane tudu. Yanke sifirin, ko gasa shi da wuta, ko cusa guntun bututu a gindinsa, duk ka bar su. Wuta tana kashe ƙarfen, cushen kuma yana sa zagayen su haɗe tun kafin tazara ta ƙare. Cire sifirin ma aikin mai na'urar matse shi ne, domin idan ya kuɓuce yana iya fasa fuska.

Sai maganar mai gas. Tulun nan na gefe ba ya ƙara ɗaukar nauyi yadda ake zato, aikinsa daban ne. Idan ka daɗe kana gudu a kan burji mai gargada, man cikin bututu yana zafi ya yi kumfa, kumfa kuwa tana wucewa ta ƙofofin fistin ba tare da wani matsi ba, sai ka ji babur ya fara lilo bayan awa guda alhali da safe lafiya lau yake. A cikin tulun akwai iskar naitirojin da aka matse sosai, ninki huɗu ko biyar na iskar taya, tana danne man don kada ya yi kumfa, tulun kuma yana ƙara yawan man da wurin shan iska. Ga mai doguwar tafiya da kaya a ƙasa mai zafi irin tamu, wannan amfani ne na gaske, kuma idan aljihu zai ɗauka ina goyon bayan ka saya, muddin sifirin da ke jikinta ya dace da nauyinka. Sai dai kasuwa cike take da masu tulun ado, wanda ba abin da ke cikinsa, har da sunayen manyan kamfanoni a jiki. Idan farashin bai fi na gama-gari da wani abin kirki ba, ka yi shakka. Ka saya wurin dilan da zai karɓa idan ta ba da matsala. Idan ka dace da ta gaske, kada ka bar mai faci ya taɓa bakin tulun da injin iskarsa. Irin waɗanda ake buɗewa a yi musu sabis kuma ana canja musu mai bayan kimanin kilomita 20,000 zuwa 30,000.

Shokazoba huɗu fa? Na san dalilin da ya sa masu kai buhunan masara kasuwar ƙauye suke yi, kuma ga mai tafiyar hawainiya da buhu biyu tana hana taya gogar murfi. Amma ga tafiyarka ban yarda da ita ba. Taurin yana kusan ninkawa, ranar da ba ka da lodi bayanka ne zai karɓi duk dukan hanya. Sannan dole a yi walda a jikin firam don a sami wurin ɗaura ƙarin biyun, a wurin da ba a ƙera shi don haka ba, kuma gefen walda ne ƙarfe ya fi saurin tsagewa. Dukan da shokazoba ta ƙi karɓa ba ɓacewa yake yi ba, yana wucewa ne zuwa firam da wayoyin ƙafa da boris.

Akwai kuma abin da ya zama dole in faɗa maka ko da ba shi ka tambaya ba. Sabuwar shokazoba tana gyara yadda babur ke ɗaukar nauyi, amma ba ta ƙara iyakar nauyin da aka ƙera shi ya ɗauka. Iyakar tana cikin littafin babur, wani lokaci a ɗan allon da ke jikin firam. Manyan baburan yawon duniya ma abin da aka yarda su ɗauka, mahayi da fasinja da kaya duka, kimanin kilo 200 ne, ƙanana kuwa nasu bai kai haka ba. Ka haɗa naka: kai 115, ƙanenka a ce 65, jaka 20, jarkar lita goma wajen kilo 8. Kun haura 200. A kan shimfiɗaɗɗiyar hanya zuwa ƙauye na kusa babur zai jure. Hawan Mambila kuwa, daga Mayo Selbe zuwa sama, kwana ne bayan kwana, kuma abin da ka hau sai ka gangaro shi, birki na ɗauke da duk nauyin nan har ya yi zafi ya fara sanyin kamu. Don Allah, wannan tafiyar ka yi ta kai da kayanka, ƙanenka ya hau nasa ko ya bi mota ku haɗu a can.

Taya ma tana da nata iyakar, a rubuce a gefenta. Bayan lambar girma, misali 3.00-18, za ka ga wata lamba da harafi, kamar 47P ko 52P. Lamba 47 tana nufin kilo 175, lamba 52 kuma kilo 200, kuma ka tuna tayar baya ce ke ɗauke da mafi yawan nauyinku har da na babur ɗin kansa. Ka nemi mai babbar lamba, irin mai ninki shida. Iska kuma a ƙara ta idan an yi lodi. A yawancin ƙananan babura ana tashi daga wajen 28 ko 29 zuwa 32 ko 33 a geji, amma ka bi abin da ke rubuce a takardar da aka manna kusa da sarƙa. Ka auna da safe kafin taya ta ɗauki zafi, da geji, ba da matsawar babban yatsa ba.

Yadda ka ɗaure kaya yana iya rage maka rabin matsalar kyauta. Duk abin da ya zarce bayan ƙusar taya yana danna baya yana ɗaga gaba, shi ne kake jin kan babur ya yi sakayau yana rawa idan ka ɗan taka. Masu nauyi, irin su jarka da kayan gyara, su zauna ƙasa-ƙasa a gefe biyu daidai, ko a kujerar baya dab da bayanka. Kariya ta ɗauki bargo da tufafi.

Ranar da za a ɗaura sababbin, ka sa bakanike ya kama tayar baya ya girgiza ta dama da hagu. Idan akwai motsi, bushin ɗin hannun da ke riƙe tayar ko boris sun ci, kuma ba shokazobar da za ta zaunar da babur a kan hanya sai an canja su. Ya bubbuga wayoyin ƙafa ya ɗaure masu sako-sako. Ya duba man ƙafafun gaba, tunda baya mai ƙarfi yana tura ƙarin nauyi gaba. Sarƙa kuma a duba sakinta kana zaune a kai da lodi, domin tana ƙara ɗaurewa idan baya ya zauna, kuma wadda ta ɗaure tam tana hana shokazoba motsi tana cin boris ɗin giya. Kada a ƙarasa ɗaure ƙusoshin shokazobar sai an sauke babur daga jak, don robobin idon su zauna a inda za su yi aiki. Daga nan ka maimaita awon nan uku, ka rubuta hawan da ya dace da kai kaɗai da wanda ya dace da lodi, ka ajiye sifanar zoben a cikin kayan gyaranka. Da dare ka haska bango ka ga inda fitila ta dosa, idan tana kallon sama ka sauke ta, saboda masu tahowa. Bayan tafiyar farko ta kilomita ɗari ko makamancin haka, ka sake bin ƙusoshin da sifana kafin ka kama hanyar Jalingo.